Jan ƙari a fatar idon jaririyata yana girma: sakiya, kemis, ko haƙuri?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Daura, shekaruna 22, kuma wannan ce haihuwata ta fari. Na haifi 'ya mace cikin wata na takwas, 'yar ƙarama amma lafiyarta ƙalau. Bayan suna da 'yan kwanaki na ga wani ɗan jan ɗigo a saman fatar idonta na hagu, na ɗauka cizon sauro ne. Kafin mu yi arba'in ya taso. Yanzu watanta biyu da rabi, ya yi tudu har idon ba ya buɗewa sosai. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce mataccen jini ne, a kira wanzamin gidan ya yi sakiya. Maigida ya ce ai ranar da muka je riga-kafi an ce mana zai baje da kansa, don haka kada a ƙara tayar da maganar. A dangi wasu na raɗe-raɗin hannun abokiyar zamana ne, wasu sun ce kwaɗayin da na yi da ciki ne. Akwai yaron maƙwabtanmu ɗan shekara bakwai da aka haifa da kumburi a wuya, har yau yana nan, shi ya sa ban yarda da zancen bajewa ba. Ƙawata kuma ta turo mini bidiyo a WhatsApp cewa maganin hawan jini na warkar da shi, in saya a kemis. Na daina fita da ita saboda yawan tambaya. Ba na iya barci. Me zan yi?

Wata uwa daga Daura

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana ita, ya sa mahaddaciya ce.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Cikin wannan makon ya kamata likitan yara ya ga yarinyar nan, likitan ido ma ya gan ta. Kafin nan kada aska ko ƙarfe mai zafi ya kusanci wurin, kada kuma ki ba ta ko ɓarin ƙwaya daga kemis. Hankalinki da ya ƙi kwanciya ya gaya miki gaskiya, kuma ba ki makara ba.

Likitan da ya duba ta da idonsa shi zai yanke hukunci, amma yadda kika zayyana abin, ba ta zo da shi duniya ba, ya ɓullo bayan suna, ya yi ta tasowa da sauri, ya yi daidai da abin da likitoci ke kira hemanjiyomar jarirai. Ƙananan jijiyoyin jini ne suke yin yawa su cure wuri guda kamar curin zare, jini na bi ta cikinsu. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma shi ne ƙarin da aka fi gani a jikin jarirai: a binciken da aka yi a ƙasashen Turai da Amurka, jarirai 4 zuwa 5 cikin 100 suna yin sa, fiye da rabi kuma a kai ko wuya yake fito musu. Ya fi samun 'ya'ya mata, da waɗanda aka haifa wata bai cika ba, da marasa nauyi, da tagwaye. Kin ga 'yarki ta haɗa uku daga ciki. A baƙar fata ba lallai ya yi ja jawur ba, yakan yi duhu-duhu ko ruwan hanta, wanda ke can ƙarƙashin fata kuma sai dai a ga kumburi kawai.

Maganar da maigidanki ya riƙe tana da gaskiya a cikinta, kada ki ƙaryata shi. Yawancin irin wannan ƙari yana da tafiyarsa: ya fi gudu tsakanin wata ɗaya zuwa uku, wajen wata biyar ya kusa gama girman da zai yi, ya tsaya, daga shekara guda kuma ya fara kwaɗewa a hankali, mafi yawan bajewar tana kammala wajen shekara huɗu. Da a bayanta ne ko a cinya, ɗan ƙarami, ni ma haƙuri zan ba ki, in ce ki riƙa ɗaukar hoto kina lura. To amma ga inda ya zauna. Jariri ba a haifarsa da cikakken gani, a watannin farko ne ƙwaƙwalwa ke koyon aiki da kowane ido. Idan aka tare wa ido ɗaya hanya, ko nauyin ƙari ya danne ƙwayar idon ya sauya mata siffa, sai ƙwaƙwalwa ta karkata ga ido mai lafiya ta yi watsi da ɗayan. Ranar da ƙarin ya baje, bayan shekaru, sai a tarar da idon a buɗe amma ganinsa ya raunana, gyaransa kuma a lokacin yana da wuya ƙwarai. Shi ya sa likitoci suka ware wasu wurare da ba a jira a kansu: fatar ido, kan hanci, leɓe, kunne, da haɓa zuwa gaban wuya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idar da ta fitar a 2019, ta ce irin waɗannan a kai su ga ƙwararre tun jariri na da wata guda in da hali. Mai yiwuwa ranar riga-kafin abin bai kai haka ba, ko kuma ma'aikaciyar ta faɗi abin da ya fi yawa ne, layi na jiranta. Ko ma mene ne, abin da aka gani a wancan lokaci ba shi ne a fuskar yarinyar yau ba.

Wannan ce ma hanyar da za ki bi da maigida. Kada ki ce masa an yi kuskure ko ya yi sakaci. Ki nemi lokacin da ya natsu, bayan ya ci abinci, ki ɗauko hotunan suna da na arba'in da ke wayarki, ki jera su da fuskarta ta yau, ki ce: "Abban yarinya, dubi idon nan a da, dubi yanzu. Ba ƙarin nake tsoro ba, ganinta nake tsoro." Namiji da ya ce kada a ƙara tayar da magana, sau da yawa tsoro ne ke cinsa, na kuɗin da bai san iyakarsu ba, ko na shiga tsakanin mahaifiyarsa da matarsa. Abin da kike roƙo a yanzu kuɗin mota ne da na kati da na hoton asibiti. Ki faɗa masa haka a fili, don kada ya zaci tiyata ce ke jiransa a bakin ƙofa. Idan ya cije, ki sa mahaifinki ko wani yayansa da yake jin nauyi ya yi masa magana, amma a kwana biyu, ba a wata guda ba.

Sai Hajiya, wadda nake so mu daɗe a kanta. Ba maƙiyiyar jikarta ba ce. Ta ga maruru da yawa a rayuwarta, ta ga an yi sakiya mugunya ta fita yaro ya samu barci, don haka abin da ta sani ne take miƙo muku. Matsalar ita ce wannan ba maruru ba ne, ba ruwa ko mugunya a ciki da za a tsiyaye. Jijiyoyi ne masu rai. In aka huda, jini zai zuba, jaririya mai 'yan kilo kuwa jininta duka bai taka kara ya karya ba, abin da babba zai zubar bai ji ba ita yana iya kai ta ga ƙarin jini. Bayan haka wurin ya zama gyambo mai zafi da wuyar warkewa, ƙwayoyin cuta su shiga dab da ido, in ya warke ya bar tabon da zai janye fatar idon har ta girma. Ƙarin kuma yana nan, domin sakiya ba ta hana shi girma. Haka ɗaure shi da zare, da shafa toka ko kanwa ko man zafi, da sanya kwalli a idon, duk a bar su.

Amma ke ba za ki tsaya gaban surukarki kina karanta mata wannan ba, kin fi ni sanin haka. Ɗanta ne zai faɗa mata, ko mahaifiyarki, tsara da tsara. Abin da na fi so ma shi ne ku tafi asibitin tare da ita. Ki ce: "Hajiya, ni yarinya ce, ban san tambayar da zan yi wa likita ba, ki raka mu." Kin ba ta girmanta, za ta ji bayanin da kunnenta, kuma tsohuwar da ta ji daga bakin likita ita ce gobe za ta kori duk mai kawo zancen aska. In akwai fargabar a kira wanzami ba kya nan, kada ki bar yarinyar a hannun kowa ki fita har sai an je an dawo. Addu'a da tofi kuwa a ci gaba da yi, ba wanda ya hana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da kawai za a kiyaye shi ne kada a ɗiga wani abu cikin idon ko a goga a kan ƙarin.

Bidiyon ƙawarki ma bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar rabin da ke kisa. Maganin sunansa furofiranolol, tsohon maganin zuciya da hawan jini ne. A 2008 wata likitar fata a birnin Bordo na Faransa, Dakta Christine Léauté-Labrèze, da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa sun ba wani jariri mai wannan ƙari a hanci maganin saboda matsalar zuciya, washegari sai suka ga ƙarin ya sauya launi ya yi laushi. Suka gwada a kan wasu yaran, aka ga haka. A 2014 hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka amince da shi don jarirai, yau kuma shi ake fara bayarwa a duk duniya, ya rage buƙatar tiyata ƙwarai. Yana tsuke jijiyoyin, ya tsayar da girman, ya gaggauta bajewa. Yakan ɗauki aƙalla wata shida ana sha, sau da yawa har yaro ya shekara, kuma ya fi aiki idan aka fara shi lokacin da ƙarin ke kan girma, wato daidai inda 'yarki take yanzu.

Ga rabin da aka bari. Maganin yana rage bugun zuciya, yana saukar da hawan jini, yana iya sa sukarin jinin jariri ya faɗi har ya yi sanyi ko ya suma ko ya yi jijjiga, yana kuma iya tsuke hanyar numfashi ga yaro mai shesheƙa. Ƙwayar da ke kemis an yi ta ne don babban mutum. Na jariri da nauyinsa ake auna shi, ana farawa da kaɗan a ƙara sannu a hankali, a sake lissafi duk lokacin da ya ƙara nauyi. Kafin a fara likita zai saurari zuciyarta da ƙirjinta, ya tambayi ko akwai ciwon zuciya ko asma a gida, wani lokaci ya sa a yi gwajin zuciya. Tunda ba ta cika wata tara a ciki ba, kada ki yi mamaki in an ce a kwantar da ku kwana ɗaya ko biyu don a sa ido a farkon shan. In aka ɗora ta a kai, ki riƙe wannan da kyau: ana ba da shi ne tana cikin shan nono ko da ta gama, kada ta daɗe da yunwa, kuma duk ranar da take amai ko gudawa ko ta ƙi kama nono ko ƙirjinta na kuka, a dakatar a kira likita. Idan ba a samu na ruwa ba, mai harhaɗa magunguna na asibiti ne zai haɗa ya nuna miki awo da sirinji, ba ke za ki ɓantara a gida ba. Akwai kuma wani ɗan uwansa, timolol, da ake shafawa a kan ƙananan da ba su yi zurfi ba, amma wanda ya fara rufe ido yawanci ya wuce nan.

Ta ina za a fara? Ku je babban asibitin da ke nan Daura da sassafe, ku nemi ganin likita, ba ɗakin riga-kafi ba. Kalmar farko da za ta fito bakinki ita ce: "Ƙarin yana girma kuma ya fara rufe mata ido." Ki nuna hotunan bi da bi, ki faɗi cewa wata takwas aka haife ta, ki riƙe katin riga-kafinta da ke da nauyinta. In ba likitan yara ko na ido a ranar, ki roƙi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ko, a Katsinar dai, asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Idan ta hanyar Kazaure ta fi muku sauƙi ko kuna da masauki a Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan. Sau da yawa labari da duba sun isa a gane ciwon. In ana son tabbaci sai a yi sikanin irin wanda aka yi miki da ciki, ba zafi ba allura, yana nuna zurfin ƙarin da yadda jini ke gudana a cikinsa. Babban hoton cikin jiki mai tsada da ake kira Em-Ar-Ai ba kowa ake yi wa ba, sai ƙarin ya faɗaɗa a fuska, kamar santimita 5 ko fiye, ko ana zaton ya shiga bayan ido. Ki tuɓe ta ki duba jikinta duka kafin ku tafi, domin in irin ɗigon ya kai biyar ko fiye, likita zai so ya duba hantarta ma. In ƙarfinku bai kai ba, ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ku kuma bincika ko kuna cikin shirin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Yaron maƙwabtanku ya tsaya miki a rai, kuma kin yi kyakkyawan lura. Tun 1982 wasu masana biyu a Amurka, Mulliken da Glowacki, suka raba waɗannan abubuwa gida biyu, rabon da likitoci ke bi har yau. Gida na farko ƙari ne da ke tasowa ya girma, irin na 'yarki. Na biyu kuwa jijiyoyi ne da tun a ciki ba su ƙeru daidai ba: da su ake haihuwar yaro, suna girma tare da shi, ba sa bajewa, furofiranolol kuma ba ya yi musu aiki. Kumburi mai laushi a gefen wuya tun haihuwa, wanda ke ƙara tashi in yaro ya yi mura, yakan zama na hanyoyin ruwan kaluluwa. Akwai na jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, mai shuɗi-shuɗi da ke cika in yaro ya yi kuka ko ya sunkuya. Waɗannan biyun ana yi musu allura a cikin kumburin ta sa ya tsuke, wani lokaci a haɗa da tiyata. Akwai shimfiɗaɗɗen tabo ja ko mai duhu a gefen fuska, wanda in ya kama goshi da fatar ido sai an riƙa auna yaron saboda hawan jinin ido da farfaɗiya. Mafi haɗari shi ne mai ɗumi da ake jin yana bugawa ƙarƙashin yatsa, wanda ko cire haƙori kusa da shi na iya jawo zubar jini mai tsanani. Don haka kada ki auna 'yarki da shi. Amma in kina da fuska a gidan, ki gaya wa mahaifiyarsa cewa shekara bakwai ba makara ba ce, likitan tiyatar yara ko na kunne da hanci da maƙogwaro zai iya duba shi.

Zancen abokiyar zamanki kuwa, ina roƙonki don Allah ki kashe shi da bakinki. Ana haifar yara da wannan abu a gidajen da ba kishiya, a ƙasashen da ba su san sammu ba. Zargi irin wannan in ya shiga gida ba ya fita da sauƙi, zai bi 'ya'yanku har girmansu, ga kuma alhakin baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba. Duk wadda ta kawo miki raɗa, ki ce mata: "Jijiyoyin jini ne, muna ganin likita." In zamanku da ita na lafiya ne, ki ba ta yarinyar ta ɗauka a gaban mutane. Ke ma ki sauke wa kanki kaya: ba abin da kika ci, ko kika yi kwaɗayi, ko kika kalla da ciki da ya jawo wannan.

Na ji zafin da ke cikin maganarki ta daina fita da ita. Haihuwar fari, kina ɗokin a ce tubarkalla, sai kowa ya buɗe zani ya ce "me ya same ta?" Ba dole ki je kowane biki ba, amma kada ki rufe kanki a ɗaki, amsa gajera ta ishi mai tambaya. Ki kuma ci gaba da ɗaukarta hoto kowane mako a wuri mai haske, likita zai amfana da shi. Zan gaya miki gaskiya: ko da magani, wani lokaci wurin kan bar ɗan saki ko bambancin launi, kuma a wasu yaran ƙarin kan ɗan motsa bayan an daina sha, sai a koma. Abin da ya rage ana iya gyara shi daga baya, kafin ta shiga makaranta. Rashin barcin nan ma kada ki raina shi. Ki samu mahaifiyarki ko wata 'yar uwa ta riƙe miki ita ki runtsa da rana, in kuma kuka da faɗuwar gaba suka ƙi barinki bayan an fara magani, ki faɗa wa likitan, ke ma a duba ki.

Kafin ranar zuwa, ki yanke mata farce, ki wanke wurin da ruwa mai tsabta kawai. In ya fashe yana jini, ki sa tsumma mai tsabta ki danna a hankali ta gefen ƙashin gira, ba kan ƙwayar ido ba, minti goma ba ɗagawa, sannan ku tafi asibiti. Idan idon ya rufe gaba ɗaya, ko wurin ya zama gyambo, ko kika ji numfashinta na ƙara ko kukanta ya dishe, kada ku jira gari ya waye.

Ki rubuto mini abin da likitan ido ya ce, da yadda kuka ƙare da Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya tsare mata ganinta.